Hular Haƙori: Matakin da Ke Tsakanin Ciko da Cirewa

 Sharhin na yau zai leƙa ɗakin likitan haƙori ne.

Akwai maganar da likitocin haƙori suka saba ji daga bakin masu zuwa wurinsu, tun kafin mutum ya gama zama a kujera: "Likita, don Allah a cire shi in huta." Mai wannan magana yawanci ya kwana biyu bai runtsa ba. Ya tauna kanumfari, ya kurkure baki da ruwan gishiri, ya sha ƙwayoyin kemis har ya gaji, ga kunci ya kumbura. Duk wanda ya san ciwon haƙori ba zai ga laifinsa ba. Sai dai haƙoran da ake cirewa a irin wannan hali, da yawansu suna da sauran amfani. Tsakanin ciko da cirewa akwai wani mataki da jama'a ba su cika sani ba: a share ruɓar, a gyara abin da ya rage, a ƙera wa haƙorin hula daidai da shi, a kifa masa, ya koma bakin aikinsa na tauna. Ma'aikatan asibiti kan kira ta kirawun. Aiki ne mai ceto haƙori, amma yana da sharaɗi babba, wato a zo tun haƙorin yana da abin da hular za ta kama.

Baligi yana da haƙora 32 idan sun cika, kuma kowane ɗaya hawa uku ne. Akwai farin ɓawon da ido ke gani, wanda babu abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan Adam, har ƙashi bai kai shi ba. A ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai ɗan rawaya da bai kai shi ƙarfi ba. Can ciki kuma akwai ɓargon haƙori, inda jijiyoyin jini da na jin zafi suke, su ne suka bi ta cikin saiwa suka shiga muƙamuƙi. Fata idan ta yanke tana haɗewa, ƙashi idan ya karye yana ɗoruwa, amma ɓawon haƙori idan ya huje ba ya toshe kansa, domin babu ƙwayoyin halitta masu rai a cikinsa da za su sake gina shi.

Abin da ke huda shi kuwa ba tsutsa ba ce, duk da cewa wannan zance ya daɗe a duniya. An samu labarin tsutsar haƙori rubuce a allunan yumɓu na tsohuwar ƙasar Iraƙi, Turawa ma sun yi ƙarni da yawa suna gaskata shi. Likitan nan na Faransa, Pierre Fauchard, wanda ya fitar da babban littafinsa kan aikin haƙori a 1728, yana cikin waɗanda suka fara ƙaryata tsutsar, ya ɗora laifi a kan sukari. A 1890 wani Ba'amurke mai aiki a Jamus, Willoughby Miller, ya bayyana yadda abin yake: ƙwayoyin bakteriya da ke zaune cikin dattin da ke manne wa haƙori suna cin sukari, su fitar da asid, asid ɗin kuma ya riƙa narkar da ɓawon a hankali. Bayan kowane cin zaƙi, miyau kan ɗauki rabin awa ko fiye kafin ya kashe kaifin wannan asid. Shi ya sa yawan maimaitawa ya fi yawan abin da aka ci illa. Wanda ya shanye kwalbar lemo lokaci guda, haƙoransa sun fi samun sauƙi a kan wanda ya wuni yana kurɓar shayi mai sukari, yana jefa alewa ko tuwon madara a baki tsakanin kofi da kofi.

Matsalar ta game duniya. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa mutane kusan biliyan 3 da rabi suna fama da wata cutar baki, kuma kimanin biliyan 2 daga ciki suna yawo da ruɓaɓɓen haƙori na dindindin da ba a yi masa magani ba.

Idan kogon ƙarami ne, aikin mai sauƙi ne: a share, a cike, cikin zama ɗaya an gama. Amma ciko yana buƙatar bango mai ƙwari a kewaye da shi. Idan ruɓa ta cinye rabin kan haƙori ko fiye, bangon da ya rage ya yi siriri, ciko ba zai kare shi daga tsagewa ba. Turamen haƙori, wato na can ciki da ake tauna da su, suna ɗaukar nauyin cizo da kan kai kilo 50 ko ya zarce. Ranar da mai irin wannan haƙori ya ciji tsakuwa a cikin shinkafa, ko ya ce zai fasa ƙashin kaza, sai ya ji ƙas, gefe guda ya ɓalle. Idan tsagewar ta gangara har cikin saiwa, magana ta ƙare, sai cirewa. Amfanin hula shi ne ta lulluɓe kan haƙorin gaba ɗaya, ta ɗaure bangayen wuri guda, nauyin cizo ya bazu a kan duka haƙorin.

Akwai kuma lokacin da ruɓa ta riga ta isa ɓargo. Alamarsa ita ce ciwon da ke tashi da kansa, ya fi tsananta da dare, ya riƙa bugawa har cikin kunne da kai. Daga baya ciwon kan lafa, mutum ya ce maganin da aka ba shi ya yi aiki. Sau da yawa jijiyar ce ta mutu, ƙwayoyin cuta kuwa suna nan suna gangarawa ƙarshen saiwa, inda za su tara mugunya. A nan sai an yi wankin saiwa kafin a yi zancen hula: likita ya buɗe haƙorin, ya cire mataccen ɓargo da wasu siraran allurai, ya wanke ramukan saiwar da magani, ya toshe su. Haƙorin da aka yi wa wannan aiki ya rasa nama mai yawa daga cikinsa, don haka yana da saurin karyewa. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2002 ya bi diddigin irin waɗannan haƙora, ya gano cewa waɗanda ba a sa wa hula ba bayan wankin saiwa sun ninka waɗanda aka sa wa har sau 6 wajen saurin salwanta. Wannan ya shafi masu biyan kuɗin wankin saiwa, su ji ciwo ya tafi, su ƙi komawa asibiti. Sun biya rabin aiki ne, kuma turmin haƙorin da aka bari haka yana iya darewa a cikin 'yan shekaru.

Ba kowane haƙori ne zai karɓi hula ba. Likita yana neman aƙalla milimita 1 da rabi zuwa 2 na lafiyayyen haƙori a saman dasashi, a kewaye, wanda bakin hular zai riƙe. Yana kuma duba hoton haƙorin ya ga ko saiwar na da tsawo, ko ƙashin da ke riƙe da ita bai zaizaye ba, ko haƙorin ba ya girgiza. Duk kyan rufin kwano, idan katangar da aka ɗora shi a kai ruwa ya cinye gindinta, damina ɗaya ta ishe shi. Likitan kirki zai faɗa wa mara lafiya gaskiya idan haƙorin ya wuce gyara, don kada ya zuba kuɗi a abin da ba zai daɗe ba.

To, yaya aikin yake a aikace? Yawanci zuwa biyu ne.

A zuwan farko, bayan hoto da bincike, ana yin allurar kashe zafi a dasashi. Cikin 'yan mintoci leɓe da gefen harshe su yi nauyi, mutum ya ji kamar ba nasa ba. Likita ya share duk inda ya ruɓe. Idan ramin ya yi girma, ya cike shi ya gina wa haƙorin jiki. Idan an yi wankin saiwa kuma abin da ya rage kaɗan ne, wani lokaci yakan kafa ɗan siririn turke a cikin saiwar don ya riƙe ginin. Sannan ya shiga sassaƙa. Da wata na'ura mai tsananin gudu, mai feso ruwa don kada haƙorin ya ɗau zafi, yake rage shi ta sama da ta kowane gefe, tsakanin milimita 1 zuwa 2, gwargwadon irin hular da za a sa. Ƙarar na'urar ce ta fi tsorata mutane, ba zafi ba. Idan mara lafiya ya kai harshe bayan an gama, zai ji haƙorin ya zama ɗan guntu mai santsi, ya rabu da maƙwabtansa.

Daga nan sai ɗaukar awo. Ana zuba wani abu mai laushi da danƙo a cikin ɗan faranti mai siffar muƙamuƙi, a danna shi a kan haƙora, a ce mutum ya yi numfashi ta hanci, kada ya motsa. Bayan 'yan mintoci abin ya daskare, a zare shi, ga siffar kowane haƙori ta fito a jiki. Ana ɗaukar na ɗaya muƙamuƙin ma, don maƙeri ya san yadda haƙoran sama da na ƙasa ke haɗuwa. Idan farar hula za a yi, likita zai ɗauko wani jerin haƙoran gwaji masu launi daban-daban, ya riƙa kara su da na mara lafiya a cikin haske har a dace da wanda ya yi daidai. Mai cin goro da mai shan shayi baƙi, nasu launin daban ne, kuma hular da ta fi sauran haƙora fari ita ce ta fi tona kanta. A ƙarshe a kifa wa haƙorin hular wucin gadi ta roba, da siminti mara ƙarfi, wadda za ta kare shi daga sanyi da zafi, ta kuma hana shi gusawa kafin ta gaskiyar ta iso. A wannan tsakani ba a son cingam, ba a son alewa mai danƙo, kuma gara a riƙa tauna ta ɗaya gefen.

Awon nan yana tafiya wurin wani ma'aikaci da mara lafiya ba ya ganinsa, wato maƙerin haƙora. Shi ne zai zuba farar ƙasa a cikin awon ya fitar da kwafin bakin, ya gina hular da kakin zuma a kan guntun haƙorin, yana gyara tudu da kwarinta da ɗan ƙarfe mai zafi. Idan ta ƙarfe ce, sai ya lulluɓe kakin da wata turɓaya mai jure wuta, ya gasa har kakin ya narke ya fice, ya ɗura narkakken ƙarfe a gurbin da ya bari. Likitan da ya yaɗa wannan dabara a aikin haƙori shi ne William Taggart na birnin Shikago, a 1907, amma dabarar ta girme shi nesa ba kusa ba. Da ita maƙeran Ife da Binin suka zuba kawunan tagullarsu ɗaruruwan shekaru kafin a haife shi. Aikin ɗakin ƙira kan ɗauki mako 1 zuwa 3. A wasu manyan asibitocin yanzu ana ɗaukar awon da ƙaramar kyamara, kwamfuta ta zana hular, inji ya sassaƙa ta daga dunƙulen tangaran a rana ɗaya. An fara gwada wannan a kan mara lafiya a Jami'ar Zurik da ke Suwizalan a 1985.

A zuwa na biyu, a cire ta wucin gadi, a gwada ta gaskiyar ba tare da siminti ba. Likita ya bi bakinta da tsinin ƙarfe ya ji ko akwai rata, ya zura zare tsakaninta da maƙwabta ya ji ko ta matse daidai. Sai ya sa wata 'yar siririyar takarda mai shuɗin launi tsakanin haƙora.

"Baba, ciza a hankali. Goga hagu da dama. Yaya ka ji?"

"Likita, kamar shi ke fara taɓawa kafin sauran."

Inda takardar ta bar tabo mai kauri, nan ne tudun yake. Likita ya ɗan goge wurin, a sake cizawa, har mara lafiya ya ce bakinsa ya rufu yadda ya saba. Wannan ba wurin kara ba ne. Mutanenmu suna da al'adar cewa "ba komai, ya yi" don kada su wahalar da likita, amma hular da ta yi tudu ko da kaurin gashi ne tana iya jawo ciwon tauna da ciwon muƙamuƙi na makonni. Sai an tabbatar komai ya zauna ake zuba siminti na dindindin, a danna, a kankare wanda ya tsattsafo a gefen dasashi. 'Yan kwanakin farko haƙori mai rai kan ɗan ji sanyi ko zafi, sannan ya lafa. Idan ciwon ƙaruwa yake yi, ko yana tashin mutum daga barci, a koma asibiti, domin wani lokaci jijiyar da ruɓa ta riga ta galabaitar takan mutu bayan an sa hula, a buƙaci wankin saiwa ta cikinta.

Da me ake ƙera hular? Kowane iri da halinsa. Ta ƙarfe zalla, ko gaurayen zinare ko na wasu ƙarafa masu araha, ba ta buƙatar a sassaƙe haƙori da yawa, kuma da wuya ta fashe. Aibinta kawai launi, shi ya sa ta fi dacewa da turame. Ta tangaran zalla ta samo asali ne daga Charles Land, wani likita a birnin Ditroit na Amurka, wanda ya ƙirƙiro ta tsakanin ƙarshen shekarun 1880 da farkon 1900. Tana da kyau a ido, amma irin ta farko tana da saurin fashewa. Wajen ƙarshen shekarun 1950 aka gano yadda za a gasa tangaran a kan ƙarfe, a samu ƙarfi a ciki da fari a waje. Wannan ita ce ta fi yaɗuwa shekaru da dama, har yanzu kuma ana yin ta sosai, ko da yake bayan shekaru, idan dasashi ya ja da baya, wani baƙin layi kan bayyana a gindinta, tangaran ɗin ma yakan ɓantare. Daga shekarun 2000 zuwa yau zirkoniya ta shigo, fara ce, tana da ƙarfin gaske, babu ƙarfe a ƙarƙashinta, sai dai ta fi tsada. Akwai abu ɗaya da mata musamman ya kamata su ambata: wasu ƙarafan masu araha suna ɗauke da nikel. Matar da kunnenta ke ƙaiƙayi ko ruwa idan ta sa ɗan kunne na gwanjo ta faɗa wa likita tun kafin a zaɓi ƙarfe.

Zancen hula ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, domin duk wanda ya taɓa zuwa tarbar alhazai ya san haƙorin Makka. A ƙira, shi ma hula ce da ake kifa wa haƙori, sai dai manufarsa ado ce da alamar an sauke farali. Game da zinare kuwa, malamai sun daɗe da yin bayani. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a wani yaƙi tun zamanin jahiliyya. Ya sa na azurfa, ya yi masa wari, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya sa na zinare. Da wannan malaman fiƙihu suka kafa hujjar halatta wa namiji gyara haƙori da zinare idan akwai lalura. Ta fuskar likitanci ma zinare abin yabo ne: ba ya tsatsa, ba ya cinye haƙorin da yake karo da shi, kuma hularsa tana cikin waɗanda suka fi daɗewa.

Inda matsala take shi ne yadda ake sa wasu haƙoran ado. Ana ɗauko ƙerarre wanda ba a auna da bakin mai shi ba, a goge lafiyayyen haƙori, a manna cikin 'yan mintoci. Idan bakin hular bai zauna daram a jikin haƙori ba, ratar da ta rage za ta zama ma'ajiyar abinci da burushi ba ya kaiwa. Daga nan sai warin baki, dasashi ya riƙa jini, haƙorin da a da lafiyarsa ƙalau ya ruɓe a ɓoye ƙarƙashin ƙyalli. Ɓawon da aka goge kuma ya tafi ke nan. Haka nan masu aikin haƙori na bakin kasuwa da na yawo gida-gida: kayan aikin da ya shiga bakin wani ya taɓa jini, idan ba a dafa shi a tukunyar tururi ta asibiti ba, yana iya ɗaukar ciwon hanta nau'in B ko ƙwayar cutar ƙanjamau zuwa bakin na gaba. Hajiyar da ke da haƙorin Makka tun shekaru, idan tana jin wari ko ɗanɗano mara daɗi daga wurin, lokacin kai shi a duba ya yi.

Hular da aka yi da kyau tana daɗewa. Nazarin da aka yi kan bincike-bincike da dama ya nuna cewa kusan 95 cikin 100 na hulunan tangaran kan ƙarfe suna nan daram bayan shekara 5. Da yawa sukan kai shekara 10 zuwa 15, wasu su haura 20. Abin da ya fi kashe su shi ne sabuwar ruɓa. Ita hular ba ta ruɓewa, amma haƙorin da ke ƙarƙashinta yana nan da halinsa, kuma layin da bakin hula ya haɗu da haƙori, daidai gefen dasashi, nan datti ya fi taruwa. Idan an yi wankin saiwa, babu jijiyar da za ta yi gargaɗi; mutum ba zai ji komai ba sai ranar da hular ta faɗo da guntun haƙori a cikinta. Saboda haka mai hula ya fi kowa buƙatar goge baki sau 2 a rana da man da ke da sinadarin fuloraid, musamman kafin kwanciya, da tsaftace tsakanin haƙora da zare. Asuwaki yana kankare datti sosai idan an iya shi, amma ba ya shiga matsin da ke tsakanin haƙora, kuma ba ya maye gurbin man fuloraid. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu a rana, in ma da hali ya tsaya ƙasa da kashi 5, kimanin ƙaramin cokali 6 ke nan. Buɗe kwalba da haƙori, tauna ƙanƙara, ɓare rake da haƙorin da ke da hula, duk suna rage mata kwana. Mai cizon haƙora cikin barci kuma akwai wata roba da ake ƙera masa ya riƙa kwana da ita.

Idan hula ta cire, a wanke ta a adana, a kai wa likita cikin 'yan kwanaki. Sau da yawa ana iya mayar da ita. Kada a manna ta da gam ɗin gyaran takalmi ko na roba, domin yana ƙona dasashi, yana kuma lalata cikin hular har ta ƙi zama.

Yara ma ana sa musu. Turmin haƙorin nono da ya ruɓe sosai akan kifa masa ƙerarriyar hula ta ƙarfe mara tsatsa, wadda aka fara amfani da irinta tun wajen 1950. Iyaye kan ce ai haƙorin famfara zai yi, me ya sa za a wahala? Amsar ita ce turamen nono ba sa faɗuwa sai yaro ya kai shekara 9 zuwa 12, kuma su ne ke tsare wa na dindindin gurbi. Idan aka cire su da wuri, na baya su matso, sababbin su fito a karkace. Hular takan faɗi tare da haƙorin idan lokacinsa ya yi.

Sai batun kuɗi, wanda shi ne ke yanke hukunci a gidaje da yawa. Gaskiya ne cirewa ta fi araha a ranar da aka yi ta, wankin saiwa da hula kuwa sun ninka ta sau da yawa, kuma tsare-tsaren inshorar lafiya da dama ba sa biyan kuɗin hula. Magidancin da ke lissafin abincin gida da kuɗin makaranta ba za a zarge shi ba idan ya zaɓi cirewa. Amma ya dace a gaya masa abin da ke biyo baya. Giɓin da aka bari ba ya zama haka nan: haƙoran gefe sukan karkato cikinsa, na sama ya zazzago saboda ba shi da abin karo, ƙashin wurin ya riƙa shanyewa, tauna ta koma gefe guda. Cike giɓin daga baya sai da haƙorin roba na cirewa da mayarwa, ko gada, wadda ke buƙatar a sassaƙe haƙora 2 na gefe a sa musu hula, ko dashen turken titaniyom a cikin ƙashi, dabarar da likitan Suwidin Per-Ingvar Brånemark ya fara yi wa mara lafiya a 1965, wadda kuma ta fi duk sauran tsada.

Abin da ya fi duka haɗari shi ne a ƙi yin ko ɗaya. Ruɓaɓɓen turmin ƙasa yana iya tura mugunya zuwa ƙarƙashin harshe da wuya, kumburin ya ɗaga harshe ya toshe hanyar numfashi. Wani likitan Jamus, Wilhelm von Ludwig, ya siffanta wannan ciwo tun 1836, kuma har gobe yana kisa. Kumburin da ya sauko haɓa ko ya haura ido, da zazzaɓi, da kasa buɗe baki ko haɗiye miyau, ba na jiran wayewar gari ba ne. Ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi ko ɗiga ruwan batir a kogon haƙori, kamar yadda wasu ke yi, ƙuna kawai suke ƙarawa.

Mai neman wannan aiki ya nufi likitan haƙori mai rajista da Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya, ko takwararta a ƙasar da yake. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Maiduguri suna da sassan haƙori, haka ma manyan asibitocin jihohi da dama. Ya faɗi duk lalurar da yake da ita, ciwon sukari ne, hawan jini ne, ko yana shan maganin tsinka jini. Mai juna biyu ma ta faɗa, ba don a hana ta magani ba, sai don a tsara mata lokacin da ya dace. Kafin a kunna na'ura, yana da haƙƙin ya tambaya: saiwar tana da ƙwari? Sai an yi wankin saiwa? Wace irin hula za a sa, kuma me ya sa? Nawa ne kuɗin aikin gaba ɗaya, tun daga hoto har zuwa mannawa? Idan aikin ya fi ƙarfin aljihunsa a lokaci guda, ya nemi a raba masa shi mataki-mataki, a rubuta masa ranar dawowa, domin haƙorin da aka sassaƙa aka bari da hular wucin gadi wata da watanni yakan gusa, ta gaskiyar ta zo ta ƙi shiga. Wanda kuma yake ganin ɗan baƙin ɗigo a turminsa yau, ko yake jin tsam idan ya sha ruwan sanyi, mai yiwuwa ciko kaɗai yake buƙata, aikin da ba ya wuce zama ɗaya.